Ina SS3 a Agege, WAEC zan fi ba ƙarfi ko JAMB? Kuma UNILAG ko BUK?

Ummi_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu wuce wannan matakin. Ni ɗalibar SS3 ce ɓangaren kimiyya, a nan Agege aka haife ni a nan nake karatu, iyayena kuma 'yan Kano ne. Famasi nake son karanta in Allah ya yarda. Wallahi kaina ya ɗau zafi, a makaranta malamai maganar WAEC kawai suke mana kamar babu wata jarabawa a duniya sai ita, a lesin ɗin yamma kuma mai lesin cewa yake mu ajiye WAEC gefe tunda kiredit 5 kawai ake nema, JAMB ce mai kayar da mutum. Ga islamiyya Asabar da Lahadi muna hadda, ga aikin gida don ni ce babba mace. To wanne zan fi ba lokaci?

Na biyu kuma Baba so yake in sa BUK in je in zauna wajen gwaggona a Kano, ni kuma raina UNILAG yake so saboda ba na son yin nisa da gida, sai wata ƙawata ta ce min kar ma in ɓata zaɓina wai ba sa ɗaukar Hausawa. Da gaske ne? Sannan wani abu ƙarami, a NIN ɗina sunan Baba Muhammad aka rubuta amma a makaranta Mohammed suke rubutawa, akwai matsala a nan? Na gode Allah ya saka da alheri.

Anti_Bilki:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaya wa ƙawar taki ta daina yaɗa abin da ba ta sani ba, ni Bahausa ce 'yar Idi-Araba kuma a UNILAG ɗin da ke Akoka na yi karatu, akwai 'yan Arewa a ciki, ba yawa gare mu ba amma muna nan. Abin da yake gaskiya shi ne makarantar tana da wahalar shiga ga kowa da kowa, Bayarabe ma kuka yake da ita, balle kwasa-kwasan lafiya irin naki.

Mai lesin ɗinku kuwa rabin gaskiya ya faɗa miki. In wata makarantar ce da kiredit kawai take dubawa to maganarsa ta zauna, amma UNILAG lissafi suke haɗawa zuwa 100. JAMB tana ɗaukar 50, wato makinki a raba shi da 8. Jarabawarsu ta Post-UTME, wadda jami'ar ke yi da kanta bayan JAMB, tana ɗaukar 30. Sauran 20 ɗin daga sakamakon WAEC ko NECO ɗinki suke fitowa, darussa 5 da suka shafi kos ɗin, a naki kenan Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. A1 maki 4 ne, C6 maki 2. To zauna ki lissafa da kanki, mai A1 guda 5 ta kwashe 20 cif, mai C6 guda 5 ta tashi da 10, dukkansu a baki "sun ci WAEC" amma tazarar maki 10 ce a tsakaninsu, kuma kafin ki cike maki 10 ta hanyar JAMB sai kin ƙara maki 80. Tamanin fa! Wato wadda ta ci 260 da A1 a jere daidai take da wadda ta ci 340 da C6 a jere, kuma kin san mutum nawa ne suke ganin 340 da idonsu. Shi ya sa in na ji ana ce wa yara kiredit kawai ake nema raina yake ɓaci.

Wani abu kuma, su zama ɗaya suke karɓa. Ba za ki haɗa WAEC ɗin bana da NECO ki ce Kemistiri daga nan Fiziks daga can ba, dole 5 ɗin su fito a takarda ɗaya. Makarantu da yawa suna yarda da zama 2, su ba sa yi. Kuma dole su ne zaɓin farko, sannan sai kin kai 200 kafin ma a bar ki ki zauna jarabawarsu, amma kar 200 ɗin nan ta ruɗe ki, kuɗin shiga ƙofa ne kawai, mai neman famasi da 200 ba ta ma fara ba. In sun fitar da sanarwar shekararku ki karanta ta da kanki daga shafinsu kar ki dogara da abin da aka turo a guruf.

Abin da zai sanyaya miki rai shi ne darussan JAMB ɗinki su ne dai na WAEC, Turanci Fiziks Kemistiri Bayoloji, silabus ɗin kusan duk ɗaya ne. Don haka ba karatu biyu za ki yi ba, karatu ɗaya ne da atisaye iri biyu. In kin karanta babi guda, misali mol a Kemistiri, ki amsa tambayoyin WAEC na baya a rubuce da nuna yadda kika yi lissafin, sannan ki juya ki amsa na JAMB a kan babin da agogo a gabanki. Lissafi ne kawai ba ya cikin JAMB ɗinki kuma nan 'yan kimiyyar lafiya suke sakaci, su watsar da shi wata da watanni su zo su kwaso C6 ko ma D7 ya ja su ƙasa.

Kuma ki sani in Allah ya ba ki, shekarar farko a Akoka za ki yi, daga baya ku koma Idi-Araba wajen asibitin koyarwa na LUTH, daga Agege kullum ba ƙaramin aiki ba ne, ki fara tunanin hostel tun yanzu ki ji ko Baba zai yarda, don in dalilinki na rashin nisa da gida ne to a Legas kusa ma nisa ce.

Malam_Sani_Mile12:

Bilki ta gama magana a kan lissafin maki, ni bari in taɓa ɓangaren da nake gani kullum tunda koyar da yaran nan nake yi.

Maganar suna da kika kira ƙarama ita ce babba a duk tambayoyinki. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da ke kan NIN shi suke jawowa kai tsaye, suna da ranar haihuwa, ba mai tambayarki yadda kike so a rubuta. In WAEC ta fito da Mohammed JAMB ta fito da Muhammad, ranar tantancewa a jami'a za a tsayar da ke ana neman takardar rantsuwa daga kotu da sauran wahalhalu. Yanzu da ba a rufe rajistar WAEC ba abin mai sauƙi ne, ki kai silif ɗin NIN ɗinki wajen malamin da ke kula da rajista ki ce a kwafa harafi da harafi, har jerin sunayen, wanne ne farko wanne ne na mahaifi. Ki duba ranar haihuwa ma, yaranmu da yawa wani ne ya yi musu NIN ya cika abin da ya ga dama. Kuma sai kin cika shekara 16 ake ba ki gurbi, ki tabbata takardunki sun nuna haka.

Layin waya kuma ki samu naki na kanki wanda ba wanda ya taɓa yin JAMB da shi. Da shi za ki tura NIN zuwa 55019 ko 66019 su turo miki lambar furofayil, da shi za ki duba sakamako, ta nan saƙonninsu za su riƙa zuwa. Kar ki yi da layin mai kafe, kar ki yi da na yayanki da ya taɓa yi, kuma kar layin ya ɓata ko a rufe shi. Rajistar kanta a santar CBT, wato wurin jarabawar kwamfuta, da aka amince da ita ake yi ba a kowane shagon kwamfuta ba, ki je da ƙafarki ki zauna ki ga abin da ake cike miki kafin a danna. Na ga yaron da ke son injiniya aka sa masa Bayoloji a madadin Lissafi saboda ya ba wani kuɗi ya ce a yi masa, shekara ta tafi a banza.

Tunda mace ce ke, ki kiyayi lalle a yatsu tun daga lokacin rajista har ki gama jarabawa. Da zanen yatsa ake shiga, lalle yana hana na'urar karantawa, JAMB da kanta ta sha gargaɗi a kan haka. In biki ya taso ko sallah a yi miki a bayan hannu a bar kan yatsun.

Jarabawar kanta tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60 sauran ukun 40 kowanne, maki 400 gaba ɗaya. In kin raba za ki ga sakan 40 ne kowace tambaya, kuma Fiziks da Kemistiri akwai lissafi a ciki. Yawancin yarana ba rashin sani ke kayar da su ba, lokaci ne, yaro ya tsaya kokawa da tambaya ɗaya minti 5 ya ɗago ya ga saura kwata bai taɓa Turanci ba. Ni abin da nake ce musu a fara da darasin da aka fi ƙarfi a kwashe shi da sauri, wanda ya yi tauri a tsallake a dawo, kuma kar a bar ko ɗaya ba amsa tunda ba a rage maki in an yi kuskure. Ba sai kin iya kwamfuta sosai ba, A B C D na zaɓar amsa, N ta kai ki gaba P ta dawo da ke baya, S ta miƙawa ce ita ce ba a taɓawa sai an gama. Amma ki saba, ki samu manhajar atisaye a waya ko ki riƙa zuwa santa lokaci lokaci, kuma ki zaɓi yin mok, wato jarabawar gwaji, lokacin rajista, kuɗin da za a ƙara bai kai amfaninsa ba.

Littafin labarin da suke bayarwa na Turanci ki karanta shi da kanki tun da wuri, ba taƙaitawar da ake sayarwa a bakin titi ba, maki ne na kyauta. Yaran da suka tashi a Legas Turancin baki ba ya ba su wahala, sai dai Turancin buroka ya shige musu jiki, a wajen nahawu da ɓangaren furuci da inda ake danna kalma nan ake kama su.

Tsarin lokaci kuwa, JAMB ce ke fara zuwa wajen Afrilu, WAEC ta biyo baya har cikin Yuni, NECO ta ɗora. Daga yanzu zuwa ƙarshen Janairu ki gama silabus, daga nan ki karkata kan atisayen JAMB, kina fitowa daga ita ki koma rubutu da firaktikal. Azumi zai faɗo a tsakiyar shirin nan, bayan sahur zuwa fitowar rana ya fi komai albarka, da yamma kan ba ya ɗauka. Hadda kuma kar ki bari, ki yi wa malaminku bayani ya rage miki ƙari ki tsaya a muraji'a na 'yan watannin nan.

Alhaji_Dan_Bichi:

'Yata ni ban yi boko mai zurfi ba, kasuwa nake, amma na kai yara jami'a kuma zan goyi bayan mahaifinki. Abin da yaran da aka haifa a nan ba sa ganewa shi ne a wajen ɗaukar ɗalibai ba a tambayar inda aka haife ka, asalin jiharka ake dubawa. Jami'o'in tarayya kashi 45 cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewayen makarantar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. A UNILAG kashi 35 ɗin nan na Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti ne, ke ko a tsakiyar Agege aka yanke miki cibiya ba kya ciki. A BUK kuwa ke 'yar gida ce. To me zai sa ki bar inda kike da ƙofa a buɗe ki je inda za ki yi ta turereniya. Ga kuɗin mota a garin nan, ga goslo, ga tsadar komai, can kuma ga gwaggonki ga tuwo.

Ko wacce za ki sa dai, a aika gida a karɓo miki takardar shaidar ƙaramar hukuma tun yanzu, kar a bari sai an kira tantancewa a fara waya ana neman mai unguwa da dagaci. Kuma a fom ki cika Kano da ƙaramar hukumarku ta gaskiya, wasu yaran sai su rubuta Legas wai don a ɗauke su, ranar da aka ce kawo takardar asali sai ido ya raina fata. LASU da ke Ojo ma ta jiha ce, 'yan asalin jihar take fara dubawa.

Anti_Bilki:

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ka manta da kashi 20 ɗin da ka ambata da bakinka, Kano tana cikin waɗannan jihohin, don haka ba a rufe take ruf ba a Legas. Sai dai ni ma ba zan ce ta jingina da shi ba, jihohi sama da 20 ne suke rabon wannan kason, a kos irin famasi kujeru kaɗan ne. Kuma kar a ɗauka BUK banza ce, duk 'yan Kano da Jigawa da Katsina masu ƙoƙari can suke tururuwa, famasi da likitanci a can ma wuta ne. Ni shawarata ta yi shiri kamar UNILAG za ta, don wanda ya shirya mata ya shirya wa ko'ina, in sakamakon JAMB ya fito ta ga inda ta tsaya, akwai damar canjin makaranta a biya kuɗi kaɗan a sauya. Abin lura kawai a yi canjin da wuri kafin makarantar da za a koma ta rufe fom ɗin tantancewarta, don manyan nan ba sa kallon wanda ya sa su na biyu.

Sadiq_Ojo:

Ni abu ɗaya zan ƙara, ki yi rajista a makon farko. Garin jarabawa ake zaɓa kuma guraben kusa suna cikewa, in kin yi jinkiri kina Agege sai ki ga an jefa ki can wajen Ikorodu ko Badagry, kuma in kina rukunin farko tun da sassafe ake son ganinki a santa. Silif ɗin jarabawa na fitowa ki je ki ga wurin da idonki kafin ranar, in da nisa ki kwana gidan 'yan uwa a kusa. Waya da agogo da kalkuleta duk ba a shiga da su, akwai kalkuleta a kan allon.

Masu cewa kawo kuɗi a ƙara miki maki ko a turo miki amsa da daddare kuma ɓarayi ne, su cinye kuɗin ko su jawo a riƙe sakamakonki.

Ummi_Agege:

Kai na gode sosai wallahi, Anti Bilki lissafin nan naki ya tayar min da hankali, ni da nake cewa C ma ta ishe ni a Lissafi. Malam gobe in sha Allah zan kai silif ɗin NIN ɗin makaranta. Baba Alhaji na nuna wa Babanmu abin da ka rubuta sai murmushi yake yana cewa ai ga shi nan. Amma ina da sauran tambaya, na ji an ce a 2025 an samu matsala a santocin Legas mutane suka faɗi ba laifinsu ba, in irin haka ta faru da mutum ya zai yi? Kuma in Allah ya kiyaye makin bai kai ba shikenan sai wata shekarar?

Malam_Sani_Mile12:

E an yi haka. A 2025 da sakamako ya fito sama da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 ba su kai 200 ba, aka yi ta ƙorafi, daga baya shugaban hukumar JAMB na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a santoci 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har da hawayensa, aka sake wa kusan mutum 380,000 jarabawa kuma fiye da rabinsu 'yan Legas ne. Abin da ya shafe ki a ciki shi ne sanarwar sakewar ta zo a ƙurarren lokaci ana tsakiyar WAEC, ta saƙon waya da imel aka sanar da mutane, kin ga amfanin layin da na ce ki riƙe. Kuma kar ki rabar da littattafanki ranar da kika fito daga jarabawa, Post-UTME ma tana gaba. In kwamfutarki ta tsaya ko ta mutu ana cikin yi, ɗaga hannu nan take ki sa mai kula da ɗakin ya gani ya rubuta, kar ki zauna kina danne-danne lokaci na tafiya.

In makin bai kai famasi ba akwai hanyoyi. Za ki iya canza kos zuwa wanda darussansa suka yi daidai da naki kamar Bayokemistiri ko Maikurobayoloji, amma ki shiga da sanin cewa komawa famasi daga ciki ba abu ne da ake samu da sauƙi ba, kar wani ya yi miki alkawari. Akwai JUPEB da UNILAG ke ciki, akwai IJMB ta ABU Zariya, karatun kusan shekara ne in kin ci da kyau ki nemi shiga aji 2 kai tsaye, sai dai akwai kuɗi musamman ta farkon, kuma santocin bogi sun yi yawa a garin nan, ta hannun jami'ar kanta ake bi. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 shi ne 150, amma wannan ba naki ba ne, kar ma ki kalle shi.

Abu na ƙarshe da yara ke mantawa, tunda da jiran sakamako za ki yi rajista, WAEC na fitowa ki koma santar CBT a ɗora shi a shafinki na JAMB, in ba a ɗora ba ko 350 kika ci sunanki ba zai motsa a CAPS ba, wato shafin JAMB na ba da gurbi. In an ba ki gurbi kuma a can za ki shiga ki karɓa da hannunki, akwai wa'adi. NECO ɗin ma ki roƙi Baba ya biya miki, saboda maganar zama ɗaya da Bilki ta yi, in darasi guda ya zame a WAEC kina da wata cikakkiyar takardar a hannu ba sai kin jira GCE ta masu zanawa daga waje ba.

Alhaji_Dan_Bichi:

A gaida min mahaifin naki. Ki ce masa in zai aika karɓo takardar ƙaramar hukuma ya haɗa da hotonki na fasfo da kwafin takardar haihuwa, kuma sunan da za a rubuta a kai ya zama irin na NIN ɗin sak.